Fitilar Dama Ta Ƙi Kamawa

Baba tela ne. Shagonsa yana gaban gida, motarsa kuma tana kwana a rumfa a gefen shagon. Motar ta tsufa, amma ba ya son a faɗa.

"Ba tsufa ta yi ba," yakan ce. "Hankali ta yi."

Yana da 'ya'ya biyu. Babbar mace ce, tana aji biyar. Baba yana kiranta Injiniya. Ƙaramin namiji ne, bai shiga makaranta ba tukuna. Kowa Auta yake ce masa.

Akwai dalilin sunan Injiniya. Bayan fitilar motar wuri ne matsattse, hannun Baba ba ya shiga. Hannun yarinyar kuwa siriri ne. Duk lokacin da ƙwan fitila ya ƙone, ita ce take zura hannu ta cire shi, ta saka sabo. Baba ya tsaya a gefe yana haska mata da tocila. Tana jin daɗin aikin nan ƙwarai.

Wata rana da yamma Baba ya dawo daga kasuwa da ƙaramin kwali. A jikinsa an rubuta LED da manyan haruffa.

"Mene ne wannan, Baba?" in ji Injiniya.

"Sababbin ƙwayayen fitila ne. Namu na da sun dushe, kamar kyandir suke. Gobe Kakarku za ta zo, motarsu kuma sai bayan magariba take isowa. Hanyar tasha babu fitilun titi. Ina so in riƙa ganin ramuka kafin su gan ni."

Auta ya yi tsalle. Tun da aka ce Kaka za ta zo bai zauna ba. Ya riga ya gaya wa kowa cewa shi zai ɗauki jakarta daga tasha. Har gwaji yake yi da jakar Mama, yana zagaya tsakar gida da ita yana nishi.

"Ba ni in gani!" Ya karɓi kwalin, ya kai kunne, ya girgiza shi.

"Kai, Auta, ba alewa ba ce," in ji Baba, ya karɓe.

Ya buɗe kwalin. Ƙwayayen ba su yi kama da na da ba. Babu gilashi mai siririyar waya a ciki. Kowanne yana da ƙaramar fanka a bayansa, da gajeriyar waya mai fulogi a ƙarshenta.

Suna cikin dubawa sai wani ya yi sallama a ƙofar shago. Wani da ya kawo ɗinki ne ya zo gwajin riga.

"Ina zuwa," Baba ya ce. Ya ajiye kwalin a kan kujerar mota. "Injiniya, kada ki taɓa sai na dawo. Ban taɓa saka irin wannan ba. Mu duba shi tare."

"To, Baba."

Ta jira. Mai ɗinkin mutum ne mai yawan magana. Tana jin muryarsa daga shago, yana cewa hannun rigar ya yi tsawo, wuyan kuma ya matse. Auta ya gaji, ya shiga gida wurin Mama.

Injiniya ta dubi kwalin. Ta dubi bonet ɗin motar da Baba ya bari a buɗe.

"Ƙwai ai ƙwai ne," ta ce a ranta. "Sau nawa na saka? In Baba ya fito ya tarar na gama, zai ji daɗi."

Ta zura hannu bayan fitilar hagu. Ta zare fulogin, ta murɗa tsohon ƙwan ta fito da shi. Ta saka sabon, ta murɗa har ya zauna. Ta haɗa fulogi da fulogi. Ta zagaya dama ta yi haka. Ba ta tsaya duba komai ba, domin tsofaffin ƙwayayen duk yadda aka haɗa su kamawa suke yi.

Tana goge hannu Baba ya fito.

"A'a! Ba na ce ki jira ba?"

"Na gama, Baba. Babu wuya."

Baba ya girgiza kai, amma bai yi faɗa sosai ba. Ya shiga mota, ya tayar da ita, ya kunna fitila.

Fitilar hagu ta kama. Haskenta fari tas, ya bugi bangon rumfar har ana ganin ƙananan tsagogin siminti. Ƙaramar fankar tana juyawa a hankali, tana ƙara kamar sauro.

Fitilar dama kuwa shiru. Ko ƙyallin haske babu.

Baba ya kashe, ya sake kunnawa. Haka dai. Ya fito ya bubbuga gilashin da tafin hannu. Babu abin da ya canza.

"Yaya kika saka shi?"

"Yadda na saka na hagu. Yadda nake sakawa kullum."

"To me ya same shi? Sabo ne fil, yanzu na fito da shi daga kwali."

Injiniya ta ja da baya. Ta ɗauka ta ƙona ƙwan. Ta tuna an ce ta jira, ba ta jira ba. In Baba ya gane laifinta ne, ƙila ba zai sake barinta ta taɓa motar ba. Ƙila ma ya daina kiranta Injiniya.

A daidai lokacin Auta ya fito, yana jan jakar Mama a ƙasa.

"Ƙila don Auta ya yar da kwalin ne," ta ce da sauri. "Da ka shiga shago ya ɗauka, ya faɗi a hannunsa."

Auta ya saki jakar. "Ni? Ban yar ba! Girgizawa kawai na yi, a gabanka, Baba!"

Amma Auta ya yi suna a gidan. Shi ya fasa fulas ɗin Mama. Shi ya fasa madubin shago da ƙwallo. Baba ya dube shi, ya haɗe fuska.

"Kullum ina gaya maka, ba komai ake wasa da shi ba. Yanzu sai na kai motar wurin mai gyaran wuta gobe, ga ɗinki ya yi mini yawa. Tunda ba ka jin magana, gobe za ka zauna a gida da Mama. Ni da Yayarka za mu ɗauko Kaka."

"Baba, jakar fa?"

"Na gama magana."

Auta ya fashe da kuka. Ya ruga ya ɓoye fuskarsa a zanen Mama.

Mama ta shafa kansa. Ta dubi Injiniya, ta daɗe tana dubanta.

Da aka zuba abincin dare, Injiniya ta yi loma kaɗan ta ture kwano.

"Lafiya?" in ji Mama.

"Na ƙoshi."

"Ke da kike neman ƙari kullum?"

Yarinyar ta sunkuyar da kai.

Washegari a makaranta suna da darasin kimiyya. Malamar kimiyya ta shigo da kwando cike da ƙananan batura da wayoyi. Ta raba ajin rukuni-rukuni.

Da farko ta ba kowane rukuni ƙwan tsohuwar tocila.

"Ku haɗa shi da batir," ta ce.

Suka haɗa, ya kama.

"Yanzu ku musanya wayoyin. Jar ta koma inda baƙar take."

Suka musanya, ya sake kamawa.

Sai ta raba musu wasu ƙananan ƙwayaye kamar ƙwayar wake. Kowanne yana da ƙafa biyu, ɗaya doguwa, ɗaya gajeriya.

"Wannan shi ake kira LED. Ku gwada."

Wasu rukunan nasu ya kama nan take. Wasu kuwa shiru. Wani yaro da ake kira Rediyo, saboda bakinsa ba ya hutawa, ya ɗaga hannu.

"Malama, namu matacce ne! An ba mu na bola!"

Ajin ya yi dariya.

"Ka tabbata, Rediyo?"

"Wallahi, Malama, ko motsi ba ya yi."

"To juya shi. Doguwar ƙafar ta koma wurin jar waya."

Rediyo ya juya. Ƙwan ya kama, ja jawur.

"Lah! Ya farfaɗo!"

"Bai mutu ba balle ya farfaɗo," in ji Malama. Ta je allo ta zana batir. A gefe ɗaya ta sa alamar tarawa, a ɗaya gefen ta sa alamar ɗebewa. "Ku saurara. Tsohon ƙwai yana da siririyar waya a ciki. Ta kowane gefe wuta ta shiga, wayar za ta yi zafi ta ba da haske. LED ba haka yake ba. Kamar ƙofar ajin nan yake. Ta ina take buɗewa?"

"Ta ciki!" suka amsa.

"In ka tura ta waje fa?"

"Ba ta buɗewa!"

"Ƙofar ta lalace ke nan?"

"A'a!"

"To haka LED. Ta hanya ɗaya wuta take bi ta cikinsa. Tarawa da tarawa, ɗebewa da ɗebewa. In ka haɗa shi a juye, zai yi shiru kamar matacce, alhali lafiyarsa lau."

Injiniya ta tuna da fitilar dama. Ta ƙura wa ɗan jan ƙwan ido.

Da aka tashi tara, ta tsaya har kowa ya fita. Malama tana mayar da batura cikin kwando.

"Malama, ƙwan fitilar mota ma haka yake?"

"Da yawa haka suke. In kin duba bakin fulogin, galibi akwai alamar tarawa da ta ɗebewa, ƙanana. Amma wutar mota ba ta wasa ba ce. Sai da babba a kusa, kuma sai an kashe motar. Me ya sa kika tambaya?"

Injiniya ta matso kusa da ita. Daga nan maganar ta fito gaba ɗaya. Ta faɗi yadda Baba ya ce ta jira. Ta faɗi yadda fitilar dama ta ƙi kamawa. Ta faɗi abin da ta ce game da Auta.

Malama ba ta ɗaga murya ba. Ta ajiye kwandon, ta zauna a bakin tebur.

"Ƙwan ba shi da wuyar gyara," ta ce. "Juya shi kawai za a yi. Ƙaninki fa? Yana ina yanzu?"

"Yana gida."

"Me kike jin yake tunani?"

Hawaye ya cika idon Injiniya.

"Je ki sha iska," in ji Malama. "Kin san abin da ya kamata. Ba sai na faɗa miki ba."

Da aka tashi, ta dawo gida da sauri. Ta leƙa rumfa, motar tana nan. Baba bai sami kai ta wurin mai gyara ba tukuna. Tana jin ƙarar keken ɗinkinsa daga shago.

Ta tsaya a gaban motar. Wani tunani ya zo mata. Ta san inda ake jan bonet. Tana iya buɗewa a hankali, ta juya fulogin, ta rufe. In Baba ya kunna, fitilar za ta kama. Zai ce ikon Allah, ta gyaru da kanta. Babu wanda zai san komai.

Ta kai hannu ƙofar motar.

"Yaya."

Ta juya. Auta ne a bakin ƙofar gida, zaune a kan dakali. Ya sa rigarsa a baibai, kamar yadda ya saba. Jakar Mama tana gefensa, amma yau bai ɗauke ta ba.

"Yaya, in kun je tasha, ki gaya wa Kaka ban yar da kwalin ba. Kada ta ji a wurin Baba ta ce ni mai ɓarna ne."

Injiniya ta janye hannunta daga ƙofar motar. Ko da fitilar ta kama, Baba zai ci gaba da ɗauka Auta ya yar da kwalin. Juya fulogi ba zai goge wannan ba.

"Taso," ta ce. Ta kama hannunsa suka shiga shago.

Baba yana kan keke, da tef ɗin awo a rataye a wuyansa.

"Baba, ina da magana."

"Ina ji," ya ce, bai ɗago ba.

"Auta bai yar da kwalin ba. Ƙarya na yi."

Keken ya tsaya.

"Sake faɗa."

"Bai ko taɓa shi ba bayan ka tafi. Na ji tsoro ne. Na ɗauka ni na ƙona ƙwan, don ka ce in jira ban jira ba. Sai na ɗora masa."

Baba ya cire tabarau, ya ajiye a kan yadi. Sannan ya miƙa wa Auta hannu.

"Zo nan, ɗan Baba. Ka gaya mini gaskiya jiya, ban saurare ka ba. Ni ma na yi kuskure. Ka yi haƙuri."

Auta ya hau cinyarsa. "Na ce maka girgizawa kawai na yi."

"Ka faɗa. Na ji yanzu." Baba ya juya ga yarinyar. "Ke kuma, da kin ce mini, Baba, ina jin na ɓata ƙwan, me kike tsammani zan yi?"

"Faɗa."

"Zan yi faɗa, ƙwarai. Daga nan fa?"

"Shi ke nan."

"Shi ke nan. Amma dubi abin da kika zaɓa. Yaron nan da kuka ya yi barci jiya. Ba ni za ki ba haƙuri ba."

Injiniya ta durƙusa a gaban ƙaninta. "Auta, ka yafe mini."

Auta ya yi ɗan tunani. "Za ki ba ni jan fensirinki?"

"Zan ba ka."

"To na yafe."

Baba ya danne dariya. Ya gyara murya. "Hukuncin da na yanke wa Auta ba nasa ba ne, naki ne. Yau ke za ki zauna a gida."

"To, Baba," ta ce a hankali. "Amma akwai sauran magana. Ina jin ƙwan bai lalace ba. Malama ta nuna mana yau."

Ta yi masa bayanin ƙofar aji, da doguwar ƙafa da gajeriya, da yadda ƙwan Rediyo ya kama bayan an juya shi.

Baba ya miƙe. "Mu je mu gani."

A rumfa ya tabbatar motar a kashe take, ya zare makulli ya sa a aljihu. Ya buɗe bonet, ya haska da tocila. Injiniya ta zura hannu bayan fitilar dama, ta zare fulogin, ta jawo shi inda haske yake.

"Ga su nan, Baba!"

A bakin fulogin akwai alamomi biyu, ƙanana ƙwarai. Ɗaya tarawa, ɗaya ɗebewa. Suka leƙa na hagu don su gwada. A can, alamar tarawa tana fuskantar jar waya. A dama kuwa ta sa ta tana fuskantar baƙar.

"Na hagun ma sa'a kika ci," in ji Baba.

Ta juya fulogin, ta tura shi a hankali har ya ce ƙas.

"Auta, zo. Kai za ka kunna."

Baba ya zauna a kujerar direba, ya ɗora Auta a cinya, ya tayar da mota. Ya nuna masa abin da zai murɗa. Auta ya murɗa da hannu biyu.

Fitilu biyu suka kama a tare. Bangon rumfar ya yi fari fes. Fankoki biyu suna juyawa.

"Ta kama! Ta kama! Ni na kunna!"

Mama ta fito da ludayi a hannu. "Wannan ihun fa?"

"Ƙwan lafiyarsa ƙalau," in ji Baba. "Rigarsa ya sa a baibai, irin ta ɗanki."

Auta ya dubi ƙirjinsa, ya ga maɓallan suna ciki. Duk suka yi dariya. Mama ta dubi Injiniya, ta dubi Baba. Baba ya gyaɗa mata kai. Ta gane, ta dafa kafaɗar 'yarta, ta koma kicin.

Da rana ta faɗi, Baba ya sa hula. Mama ta juya wa Auta rigarsa, ta wanke masa fuska. Injiniya ta tsaya a bakin ƙofa tana kallo. Ba ta roƙa ba.

Auta ya shiga bayan mota, sai ya sake fitowa.

"Baba, jakar Kaka tana da nauyi?"

"Ƙwarai. Kakarku ba ta tafiya da ƙaramar jaka."

"To in na ɗauki hannu ɗaya, wa zai riƙe ɗayan? Kai kana riƙe da makulli."

Baba ya dube shi. "Kana so Yayarka ta zo?"

"Ta zo. Amma ni zan fara gaishe da Kaka."

"Kin ji," in ji Baba. "Wanda kika yi wa laifi ne ya roƙar miki. Shigo."

Hanyar tasha ta yi duhu, amma fitilu biyun sun haske ta har nesa. Baba ya ga kowane rami tun kafin ya kai gare shi. Har akuya suka hango a gefen titi, idanunta suna ƙyalli.

Kaka tana tsaye a bakin tasha, ta kare idonta da hannu.

"Wace sabuwar mota ce wannan take neman makantar da ni?" ta ce, da Baba ya fito.

"Tsohuwarmu ce, Inna. Idanu kawai ta sake."

Auta ya ruga ya rungume ta. "Kaka, ni na kunna fitilar! Kuma ban yar da kwalin ba!"

"Wane kwali kuma, maigidana?"

Injiniya ce ta ba ta labarin a hanya, da bakinta, ba ta rage komai ba. Kaka ta saurara har ƙarshe.

"Kin yi kuskure biyu, jikata," ta ce. "Na farko, kin yi gaggawa a kan abin da ba ki sani ba. Sabon abu sai an duba, sai an tambaya. Na biyu ya fi girma, kin ɗora laifinki a kan wani. In kin yi kuskure, ki faɗa da wuri. Sau da yawa gyaransa ƙarami ne. Ƙaryar ce take mayar da shi babba."

"Na gane, Kaka."

Da suka iso gida, Auta ya kama hannun jakar ɗaya, Injiniya ta kama ɗayan. Jakar ta yi nauyi da gaske. Suka shiga da ita suna nishi, suna dariya.

Baba ya kashe fitilu, ya kulle mota. Daga tsakar gida ya ɗaga murya.

"Injiniya! Fitilar baya ma ta fara dushewa. Gobe mu duba ta."

"To, Baba," ta amsa. "Zan jira ka."